Raga, ɗigo, igiya ko sauya gilashi: wanne zai hana benenka kashe tsuntsaye?

Duk mai bin manyan titunan Maradi a ƴan shekarun nan ya ga abin da ake yayi. Da bene ya tashi sai a lulluɓe fuskarsa da gilashi mai shuɗi ko ruwan toka, irin wanda na waje ke ganin kansa a ciki, na ciki kuma yana kallon titi hankali kwance. Ofisoshi, otal-otal, manyan kantuna, har gidajen kwana a sababbin unguwanni. Yana da kyau, ba a musu. Sai dai yana kashe tsuntsaye, kuma mai gini bai cika sani ba, domin kafin ya iso maigadi ya share ƙofa, in ma kyanwa ba ta riga maigadin ba. Shaidar da kan rage ita ce tambarin ƙura: kurciya in ta bugi gilashi da ƙarfi takan bar zanen jikinta fari-fari, fukafukai a buɗe, har ana iya ƙirga gashin. Wanda ya tsaya daga gefe da hantsi zai gani.

Tsuntsu bai san gilashi bango ne ba. In garau ne, yana hango shukar da ke cikin falo ko hasken tagar ɗaya gefen, ya ɗauka hanya ce. In na madubi ne abin ya fi muni, don itacen bakin titi da sararin sama yake gani a jikin bangon, ya nufe su da cikakken gudu. Da yawa ba nan take suke mutuwa ba. Sukan farfaɗo su tashi, jinin da ya taru a ka ya ƙarasa su a wani wuri.

Na gari ma suna bugawa, kurciya da hasbiya da marai, amma baƙi sun fi shiga haɗari. Masana sun ƙiyasta ƙananan tsuntsaye kimanin biliyan 2 ne ke barin Turai zuwa Afirka kowace kaka. Mafi yawansu da dare suke tafiya, su ratsa Sahara, su sauko yankinmu a Satumba da Oktoba a rame, ba abin da suke nema sai itace da ƙwari. A Maris da Afrilu kuma suna cikin cin ƙiba don komawa. Abin da suke so kuwa akwai shi kewaye da mu: fadamar gulbi a gefen gari, tafkin Madarunfa da aka sa cikin jerin Ramsar na dausayi masu muhimmanci a duniya a 2019, da gawon da manoma suka raya a gonaki ta hanyar sassaben zamani tun shekarun 1980. Gawo da rani yake ganye, don haka ƙwarinsa na nan daidai lokacin da baƙin ke nan. Masu ƙirgar tsuntsaye a Sahel sun lura cewa itatuwa masu ƙaya, gawo da kandili da aduwa, su ne matattararsu, bedi kuwa ba su cika damuwa da shi ba. Wanda gilashinsa ke kallon gawo sai ya fi kowa kula. Shamuwa daban take: daga kudu take zuwa gabanin damina, kuma manyan tsuntsaye irinta wayoyin lantarki sun fi yi musu illa a kan taga.

Wani zai ce ai wannan matsalar masu dogayen benaye ce, mu da hawa biyu ko uku ina ruwanmu? Lissafin da masanan cibiyar Smithsonian suka fitar a 2014 ya rushe wannan zato. Sun ƙiyasta tsuntsaye miliyan 365 zuwa 988 ke mutuwa kowace shekara a Amurka ta hanyar bugun gini. Kashi 56 cikin 100 a gine-gine masu hawa 4 zuwa 11, kashi 44 a gidajen kwana masu hawa 1 zuwa 3, dogayen benayen nan kuwa ba su kai kashi 1 ba. Dalili shi ne haɗarin yana daidai tsayin itatuwa, inda tsuntsu ke kiwo. Shi ya sa dokar da birnin New York ya fara aiki da ita a 2021 ta fi matsawa kan mita 23 na farko daga ƙasa. Benayenmu kusan duk cikin wannan tsayi suka ƙare.

Kafin a kwatanta dabaru, akwai ƙa'ida biyu da kowace dabara za a auna da su. Ta farko, abin da za a sa ya kasance a fuskar waje, domin hoton itace a fatar waje yake fitowa, duk abin da ke ciki yana bayansa. Ta biyu, kada a bar fili. Ƙaramin tsuntsu ya saba kutsawa tsakanin rassa, in ya ga gurbi zai gwada. Gwaje-gwajen masana biyu, Daniel Klem a Amurka da Martin Rössler a Ostiriya, sun kai ga awo ɗaya: layukan kwance kada tsakaninsu ya wuce santimita 5, na tsaye kada ya wuce 10, yanzu ma an fi ba da shawarar 5 ta kowace fuska. Santimita 5 yatsu uku ne a haɗe, 10 kuwa faɗin tafin hannu.

Da waɗannan biyu abubuwa uku sun faɗi tun ba a je ko'ina ba. Hoton shaho guda da ake mannawa a tsakiyar gilashi ba ya tsorata kowa, tsuntsu kauce masa yake ya bugi gefe. Labule yana ciki, yana maganin gilashi garau da ake hango ɗaya gefen, amma bai taɓa hoton da ke waje ba, mai duhu ma ƙara fito da shi yake. Baƙar ledar da ake mannawa daga ciki kamar ta gilashin mota ita ce mafi ɓata lamari, don tana maida taga garau ta koma madubi.

Ragar sauro ita ce ta fi dacewa da gidan kwana, kuma ina ganin ba ta da abokiyar takara a nan. Tana kashe hoton da ke jikin gilashi, in ma tsuntsu ya zo sai ya faɗa kan abu mai laushi ya koma. Kuɗinta kuɗin da dā ma za a kashe ne saboda masassarar cizon sauro, kuma kowane mai aikin alminiyam ya iya sa ta. Inda ake kuskure shi ne wurin da take zama. Tagogin turawa da yawa ragar rabi take rufewa, wasu kuma daga ciki aka sa ta. Sai ka ce wa mai aiki a fili: daga waje, kuma ta rufe tagar duka. Aibinta ƙura. Da hunturu takan toshe, ɗaki ya yi duhu, iska ta ragu, sai an riƙa wanke ta da burushi. Ba ta kuma yi wa mai kanti da ke son a ga kayansa daga titi. Ƙarfen tsaro yana taimakawa in yana waje, amma galibi tsakanin sandunansa ya fi tafin hannu, don haka shi kaɗai bai isa ba. Babbar raga ta zare da ake shimfiɗawa gaban faffaɗan gilashi tana aiki in an ja ta ta yi tsam, an bar kamar santimita 8 tsakaninta da gilashin, idanunta kuma ƙanana ne. In ta saki ko idanun sun yi girma, tarko aka ɗana.

Ga wanda ya riga ya lulluɓe bene da gilashin madubi, ɗigo-ɗigo ne hanyar da aka fi gwadawa. A Chicago akwai wani zauren taro mai suna McCormick Place a bakin tafkin Michigan, ba dogo ba ne, faɗi ne da shi da bangon gilashi. A daren 4 wayewar 5 ga Oktoba 2023 tsuntsaye kusan 1,000 suka mutu a gindinsa. A 2024 aka manna masa ƙananan fararen ɗigo, santimita 5 tsakani, kan kuɗi dala miliyan 1.2 na Amurka, kuma a kakar da ta biyo mutuwar ta ragu da kusan kashi 95 cikin 100. Kada adadin kuɗin ya razana ka, girman ginin ne ya ja shi. A nan masu buga alluna da yankan sitika za su iya yanko maka irin wannan daga ledar da ake rubutun shago da ita. Ɗigon kada ya gaza milimita 6 a faɗi, layi kuma kada ya gaza 3, kuma fari ya fi fitowa a kan gilashi mai duhu. Ba dole ne ya zama ɗigo ba. Zanen dagi, sunan shago, hoton kaya, duk sun yi, muddin ba a bar gurbin da ya fi yatsu uku ba. Shagon da ya cika gilashinsa da rubutun talla ya yi rabin aikin ba da saninsa ba.

Daga ciki ɗigon ba ya hana gani, ido kan saba cikin ƴan kwanaki, daga tsallaken titi ma da kyar ake lura. Matsalarsa ranarmu. Ledar da ba ta waje ba ce takan dushe ta ɗaɗɗage, gefenta ya naɗe, ƙura ta shiga ƙarƙashi. Yaron da ke wanke gilashi kuma in ya sa reza ko ƙarfe, aikin ya tashi. Araha ba ta ado a nan: a nemi ledar da aka yi don zama a rana, a manna ta da safe kan gilashi mai tsabta kafin ya ɗau zafi, a kuma sa a rai za a sabunta bayan wasu shekaru. A hawa na biyu da na uku kuɗin kafa katakon hawa ya kan fi kuɗin ledar.

Ƙanwar wannan dabara ita ce fenti. Ka huda kwali a jere, yatsu uku tsakani, ka ɗora a gilashi ka dangwala farin fenti da soso. Na mai yana daɗewa, amma cire shi aiki ne. Farar ƙasa ko alli da ruwa kuwa ruwan farko zai wanke su, kuma wannan ba aibi ba ne a wurinmu, domin zuwan baƙin da tafiyarsu kusan duk cikin rani suka faɗo. Abin da ka shafa a ƙarshen damina zai kai ka Afrilu. Ga makaranta ko ɗakin shan magani da ba su da kasafi, ko mai haya da ba shi da ikon taɓa ginin, wannan ta wadatar. Ba ta da kyan gani sosai, gaskiya, sai in an samu mai hannu.

Igiya dabara ce da mutane ke yi wa dariya har sai sun gani. Ana ɗaura siraran igiyoyin nailan masu duhu, kaurin milimita 3, a jikin sanda a saman taga daga waje, a sako su tsaye, tafin hannu tsakani. Ba manne, ba taɓa gilashi, kuma ana iya kwance su a ajiye. A tagar bene tana da kyau ƙwarai, ta fi raga barin haske, ta fi ɗigo sauƙin sawa in ana iya miƙa hannu ta taga. A ƙasa kuwa ban ba da shawararta ba, tsakanin yara da awaki ba za ta yi mako ba. Guguwar farkon damina kan cukurkuɗa ta in ba a ɗaure ƙasan ba, rana kuma tana cin nailan har ya riƙa marmashewa, sai an sauya. A faffaɗan bango mai hawa uku ba ta da fasali.

Sai gilashin da aka yi musamman. Akwai mai ɗigon da aka gasa a jikinsa tun daga masana'anta, ba ya gogewa har gilashin ya fashe. Da irinsa aka sauya baƙin gilashin madubi na zauren Javits a New York, mutuwar tsuntsaye ta ragu da kashi 90 cikin 100, wutar da ginin ke sha ma ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan shi ne mafi inganci, amma odarsa daga waje ake yi, kuma ran da ɗaya ya fashe sai a jira wani ya zo. Na banki ne da babban otal. Akwai kuma wanda zanensa ba ya ganuwa ga mutum sai ga tsuntsu, don da wani haske da idonmu ba ya kamawa aka yi shi. Jin labarinsa da daɗi, sai dai ba kowane tsuntsu ke ganin wannan haske ba, da asuba kuma lokacin da aka fi bugawa hasken ya yi ƙaranci, ga tsada. Ni dai ba zan kai kuɗina can ba. Wanda ke hannu kuma ake rainawa shi ne gilashi mai hazo ko mai gurje-gurje da muke sa wa banɗaki. Yana shigo da haske, ba ya nuna hoton komai in gurjin na fuskar waje. Matakala, saman ƙofa, shingen baranda, kusurwar gini inda gilashi biyu suka haɗu, duk wuraren da ba leƙe ake yi ba, shi ya kamata su samu. Shingen baranda na gilashi garau da kusurwar gilashi suna cikin mafi kisa, don tsuntsu yana ganin sama ta cikinsu.

Wanda bai fara gini ba shi ne mai sa'a, tun ran gini ran zane. Za ka ji mai alminiyam na cewa, "Alhaji, ai wannan shi ake yayi, kuma yana tare zafi." Bai yi ƙarya ba, na madubi ya fi garau tare rana. Amma ka tambaye shi, tsakanin gilashin da rana ke duka da wanda ke cikin inuwa, wanne ya fi sanyi? Bangon gilashi mai kallon yamma a watan Afrilu, zafi ya haura 40, na'urar sanyaya ɗaki ce za ta biya, takardar wuta kuma ta faɗa maka. Sirrin da ake saye dominsa ma na rana ne, da dare in an kunna fitila a ciki na waje ke ganin na ciki. Baranda mai zurfi, tagar da aka tura cikin bango, bulo mai huda-huda, tagar ƙarfe mai faifai-faifai da ake karkatawa, waɗannan da tsofaffin gine-ginen gari suka dogara da su suna tare rana tun kafin ta taɓa gilashi, kuma suna kakkarya hoton da ke ruɗin tsuntsu. A wannan mataki rage gilashi rage kuɗi ne. Mai kanti ya bar garau a hawan ƙasa ƙarƙashin rumfa, ya yi masa rubutu, sama kuma ya yi tagogi daidai buƙata da raga.

Kashe fitila maganar daban ce, tana tafiya tare da sauran amma ba ta maye gurbinsu. Haske yana jawo masu tafiyar dare su sauko cikin gari, su yi ta kewaye har su gaji, da gari ya waye gilashi ya ƙarasa. A wancan zaure na Chicago, binciken da aka buga a 2021 ya nuna rage tagogin da ke da haske da rabi na iya rage mutuwa da kusan kashi 60 cikin 100. Ba wanda zai ce ka bar gidanka cikin duhu a wannan zamani. Abin yi shi ne manyan fitilun sola da ake kafawa a kan soro su kalli ƙasa, a yi musu hula, a zaɓi mai launin rawaya maimakon fari fat mai shuɗi, fitilun ado da ke haska bango sama kuma a kashe su daga tsakar dare a Satumba da Oktoba da Maris da Afrilu. Ofis in an tashi a kashe na ciki. Kashe fitila dai ba ya cin ko dala.

To wanne za ka ɗauka? Gidan kwana, raga daga waje, magana ta ƙare. Bene mai fuskar madubi da aka riga aka gama, ɗigo ko zane na leda mai kyau. Tagogin sama da ba a son raga, igiya. Mai ƙaramin ƙarfi da mai haya, farar ƙasa. Ba kuma sai an yi wa dukan ginin ba. Galibi taga ɗaya ko biyu ne ke yawan kisa. Ka fita da sassafe ka tsaya inda itace yake, ka kalli ginin daga can: duk gilashin da ka ga ganye ko sama a ciki, shi ne. Ka tambayi maigadi da mai shara inda suke tsintar gawa, sun fi kowa sani. Cilakowa da ke zuwa tana saran taga kullum ma tana nuna maka cewa gilashin ya zama madubi, kishiya take gani a ciki.

Masu ajiye wa tsuntsaye ruwa a kasko da bazara, Allah ya ba da lada, amma a duba inda kaskon yake. Ko dai ya matso jikin tagar, ƙasa da mita 1, yadda in sun firgita ba su samu filin ɗaukar gudu ba, ko ya yi nisa can ƙarshen tsakar gida. Tsaka-tsakin ne mai haɗari. In kuma ka tsinci wanda ya bugu yana numfashi, kada a ɗura masa ruwa a baki, shaƙewa zai yi. A sa shi cikin kwali mai ƴan huji, a rufe, a ajiye a inuwa inda ba yara ba kyanwa, bayan awa ɗaya ko biyu a buɗe a gindin itace nesa da gilashin.

Wanda aikinsa ke tafe yanzu kuma ya riga ya biya kuɗin gilashin madubi, ya kira mai sitika tun magina ba su kwance katakon hawa ba. Da shi a tsaye aikin yini guda ne, in an kwance sai an sake biyan kuɗin kafa shi.